Amsoshin tambayoyinku: ƙafar mai ciwon suga

Wani daga Funtuwa ya ce Babansa mai suga ne, da ya ɗan yi tafiya sai sharaɓarsa ta riƙe, in ya tsaya ta saki. Ya sai masa safar nan mai matse ƙafa?

Kar ka saya. Alama ce jijiyar da ke kai wa ƙafar jini ta tsuke, in ka ƙara matse ta ka ƙara tare hanya kenan. Kuɗin safar ka haɗa ka kai Baba asibiti a yi masa hoton Doppler, mai nuna yadda jini ke gudana a jijiyar. In yana shan sigari ya bari, kuma in babu gyambo, tattakin minti 30 sau 3 a sati na taimakawa sosai, ya huta in ta riƙe ya ci gaba.

Wani kuma wai jarkar "wanke jijiya" ta masu lasifika a tasha, wacce ta fi kyau?

Haba malam! Babu ko ɗaya. Kitse ne da tauri suka maƙale a bangon jijiyar shekara da shekaru, wane jiƙo ne zai wanke shi a sati? Jarka ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba ka san me aka zuba ba, ga ƙodar mai suga dama a wahale take, amma mutum ya zare kuɗi ya biya, in likita ya rubuta atorvastatin (mai rage kitsen jini) da aspirin ko clopidogrel (masu hana jini gudaji) sai a ce tsada. Abin da ya fi ci min rai, sai a ajiye maganin asibiti gaba ɗaya a koma jarka, a haɗa da ƙaho ko tsaga a ƙafar da jini bai isarta, ciwon ya ƙi warkewa, sannan a zo ana kuka.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce yatsan Mamanta ya fara baƙi, tana tsoron asibiti kar a yanke ƙafar.

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ba kowa ake yankewa ba wallahi. Ana zura siririyar roba a hura balan-balan a buɗe jijiyar, wani sa'in a bar ɗan ƙarfen da ake ce wa stent a ciki ya tokare ta, ko a ɗauko wata jijiya a jikinta a kewaye wurin da ya toshe. Amma jinkiri ke ɓata komai, ga asibitin Shika nan kusa da ku, ki kai ta yau. Kafin nan banda gashi da ruwan zafi, banda jin ɗumi a gaban garwashi, don ƙafar na iya ƙonewa ba ta ji ba.