Zanen gonakin Jazira da fentin ruwa

Ɗan'uwa, ka ce koren gonakin Jazira, yankin noman rani na Sudan, yana fito maka kamar an shafe bango. Daina amfani da kore guda. Haɗa naka: ruwan ɗorawa da shuɗi, ka ɗiga ɗan ja inda inuwa take. Kada ka bi ganye ɗaya-ɗaya. Ɗan taɓa buroshi nan da can, ka bar farin takarda ya zama hasken ruwan kwalbati. Masu wannan salo, da ake kira Impressionism, da suka baje zanensu a Paris a 1874 haske suke kamawa.

Zafinmu na busar da fenti nan take, don haka fita da sassafe, ka jiƙa takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Ƙaron yankin Kordofan ɗinmu na Sudan ma shi ke riƙe fentin.