Gyaran gida a Tudun Wada: shin kuɗin zai dawo ranar sayarwa?

Wani ɗan'uwa da ke aikin tuƙi a Jidda ya rubuto mana. Mahaifinsu ya rasu ya bar gida a Tudun Wadan Zariya, kuma har yanzu ba a raba gado ba. Ya tara kusan naira miliyan 15, yana so ya shimfiɗa tayil, ya yi silin na zamani, ya ɗora bene a gaba, don in an tashi sayarwa gidan ya ninka na maƙwabta kuɗi. Yana tambaya ko hakan zai yiwu.

Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa wa guminka albarka. Malam, da wuya ya ninka, kuma gara ka ji wannan yanzu kafin kuɗin ya bar hannunka.

Ranar da dillali ya kawo mai saye, kafin ya taka zaure ya riga ya yi rabin cinikinsa a waje. Ya duba ko mota na shiga layin, ya duba kwatar da ke ƙofar gida, ya tambayi yaran layi yadda ruwa ke kwanciya a watan Agusta da kuma awa nawa ake samun wuta. Sannan ya tambayi nawa aka sayar da gidan da ke kusa. Daga wannan farashin zai fara tayi, ba daga rasit ɗin tayil ɗinka ba. Unguwa ce ke yanka wa gida iyakar kuɗinsa. Mai kuɗin da zai iya biyan ninki biyu, GRA zai nufa ko wata sabuwar unguwa mai faɗin titi. Mai neman gida a layinku kuwa kuɗin layinku ke aljihunsa.

Ba cewa nake gyara ba ya ƙara daraja ba. Idan gidanku ya fi na maƙwabta lalacewa, rufi na yoyo, katanga ta tsage, damina ta cinye gindin bango, to duk abin da ka kashe wajen kai shi matsayin sauran gidajen layin yana iya dawowa, wani lokaci har da riba, domin gidan da ya lalace kuɗin fili kawai ake taya shi. Matsalar tana farawa ne daga inda ka zarce maƙwabta. Sabon kwano, burtsatse da tanki, masai mai kyau, magudanar ruwa da wayarin mai aminci, waɗannan kowane mai saye zai saka su cikin lissafi. Silin mai fitilu kala-kala kuwa sha'awarka ce, wani yana shigowa zai fasa shi.

In haya kake hange, Samaru da Kongo daban suke, saboda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikatanta. A can ɗaki mai banɗaki a ciki da ruwa a famfo yana mayar da kuɗinsa. Tambayi dillalan Tudun Wada su wa ke kama haya a layinku kafin ka kwaikwayi Samaru.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar gado. Gidan nan ba naka ba ne kai kaɗai. In ka zuba miliyan 15 ba rubutu ba shaidu, ranar rabo za a yi wa gidan kuɗi yadda aka same shi, a raba wa kowa kasonsa, kai kuma ka koma kana rantsuwa a gaban ƙannenka. Zumunci da yawa a nan ya tsinke, kuma mai aiko da kuɗi daga waje shi ake bari da baƙin jini. Ku fara raba gadon a gaban malami ko kotun shari'a. In kana son gidan, ka sayi kason 'yan'uwanka da yardarsu, mata da maza, a rubuta, mai unguwa ya shaida. In an ga ba za a raba yanzu ba, a kira mai kimanta gidaje ya yi masa kuɗi kafin gyara, a rubuta cewa abin da za ka kashe bashi ne a kan gidan, kowa ya sa hannu.

Sai takarda. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna, kuma a jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke bayar da takardar mallaka ta C of O. Gidan da ke da ita ya fi saurin samun mai saye, banki ma na karɓarta jingina, alhali gidan maƙwabci mai takardar ciniki kawai sai an yi ta jan ƙafa. A ganina wannan ce hanya mafi araha ta fifita gidanku a kan na kusa. Benen kuma kada a aza bulo ko ɗaya sai injiniya ya duba ko tsohon harsashin zai ɗauka, kuma an karɓi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.

Idan aiki ya kankama, kada ka aika kuɗin gaba ɗaya don ka ga riyal ya yi auki a naira. Farashin siminti da rodi ma ba tsaye yake ba. Ka riƙa aikawa mataki-mataki, mai sayen kaya daban, mai duba aiki daban, kuma kafin kowane aike a zagaya da kai gidan ta kiran bidiyo na WhatsApp ka ga aikin da idonka.