Tambaya da Amsa: Ina ruwan yara da ciwon zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar firamare ce, aji 5 nake riƙe da shi, hedimasta ya ce in shirya wa yara darasi kan ciwon zuciya saboda ranar zuciya ta duniya, 29 ga Satumba. Ni dai a ganina ciwon manya ne, me zan faɗa wa ɗan shekara 10 ya gane? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kar ki fara da allo don Allah, barci za su yi. Ki ce kowa ya dunƙule hannunsa, to kusan girman zuciyarsa ke nan. Sai su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa su ƙirga bugun na minti ɗaya, ki kora su fili su zago da gudu su dawo su sake ƙirgawa, za ki ga ido ya raina fata, daga nan su za su riƙa tambayarki.

Batun ciwon manya kuma, a'a. Akwai wanda ya fi kama yara ’yan shekara 5 zuwa 15, kuma daga ciwon maƙogwaro yake farawa. Ƙwayar cuta ce ta bakteriya, yaro ya yi zazzaɓi haɗiyar yawu ta gagara, a ba shi farasitamol ko a kai shi wajen wanzami a cire beli, ya ji sauƙi a manta, bayan sati biyu ko uku sai gwiwoyi su kumbura su hau ciwo, a hankali ƙofofin cikin zuciya su lalace, wata sai ta yi aure ta samu ciki ake ganewa. Alhali maganin penisilin da likita zai rubuta tun farko ya isa ya tare shi. Wannan shi ne saƙon da nake so su kai wa iyayensu: maƙogwaro da zazzaɓi, asibiti.

Sai gishiri, shi ma yawansa yana cutar da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, yaro kuwa ƙasa da haka. Ki zo aji da cokalin su gani da ido, ki tuna musu magi da garin cikin indomi duk gishiri ne.

Motsa jiki awa ɗaya a rana, langa, ƙwallo, gaɗa, duk sun shiga. Kuma idan yaro ya yi laifi a nemo wani horon, kar a hana shi fita tara.