Amsar Baffa kan tafiyar ƙarshen damina: Yankari, Daɗin Kowa da Tula

Wannan muryar Baffa ce da ya turo daren jiya daga Gombe. Na rubuta ta saboda waɗanda datarsu ba ta buɗe dogon saƙo. Yayanmu na Bauchi ne ya tambaya: yana son fita da iyalinsa a mota kwana 4 kafin yara su koma makaranta, ya haɗa gandun namun daji na Sumu, tafkin Maladumba, Yankari, madatsun ruwa na Daɗin Kowa da Balanga, da Tula, ya ce a ba shi shawara.

Assalamu alaikum. Ɗana, na ji saƙonka, na kuma ji daɗinsa ƙwarai. Allah ya yi maka albarka da ka yi tunanin nuna wa yaran nan ƙasarsu. Ya maman yara? Ya jikokina? To madalla.

Bari in fara da wanda zan hana ka. Wuraren nan shida da ka jero ba za su shiga kwana 4 ba, sai dai in kana son yara su dawo gida ba abin da suka gani sai bayan kujerar mota. Sumu tana wajen Kafin Madaki ne, hanyar Ningi. Maladumba tana can Misau. Duk arewa da kai suke. Su kuma Yankari da Daɗin Kowa da Tula gabas ne da kudu maso gabas. Ka ajiye na arewan, tafiyarsu daban ce. Sumu ma a yini guda za ka je ka dawo, yara su ga raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, ku biya Kafin Madaki ku ga ginin Babban Gwani, shahararren maginin nan na da. Wannan na wata Asabar ne. Yanzu fuskanci hanyar Gombe kawai.

To Yankari. Nan nake son ka saurare ni da kyau, domin nan mutane suke zuwa su dawo suna ƙorafi a banza. Kada ka yi wa yaran alkawarin giwa. Ka ji ko? Kada ka ce musu za mu je kallon giwa. Yanzu ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsayi a wurare da yawa, ganye ya rufe ko'ina, kuma kowane kwari da kowace kududdufi akwai ruwa. Dabba ba ta da dalilin zuwa bakin kogin Gaji ta sha, ta bazu cikin daji. Kuma dajin nan ba ƙarami ba ne, murabba'in kilomita sama da 2,200 ne. Lokacin ganin namun daji rani ne, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ruwa ya ƙafe, ciyawa ta kwanta, giwa da ɓauna da gwanki dole su gangaro Gaji. Ga shi kuma wasu hanyoyin cikin dajin sukan yi laka a wannan lokaci, mai yi muku jagora zai iya cewa nan ba a shiga. In ya ce haka, ka yarda da shi.

Ba ina cewa kada ku je ba. Ku je, amma ku je don Wikki.

Ɗana, ruwan Wikki ba ruwansa da damina ko rani. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, shekara ta zagayo yana nan yadda yake, kuma kimanin lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa Gaji. In ka gangara matakalar nan ka tsaya a baki, za ka ga farin yashi a ƙasansa tas, ka ga yatsun ƙafarka, ka ga ganyen da ya faɗo yana tafiya a hankali a kan ruwan. Bishiyoyi sun yi masa rumfa, kuma a wannan lokaci ne suka fi kyau. Wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, saboda haka yara su tsaya can ƙasa inda bai wuce musu ƙugu ba, kai kuma kana ciki tare da su, ba kana gefe kana danna waya ba. Ku shiga da sassafe bayan sallar asuba da gari ya waye, kafin jama'a su taru. Wallahi wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya.

Hanyarsa ka sani: ka kama titin Gombe, in ka iso Dindima ka haye gadar Gongola ka karya dama, kimanin kilomita 29 zuwa ƙofar shiga a Mainamaji, daga ƙofa kuma wasu 40 da 'yan kai kafin masaukin Wikki. Ka sha mai ka cika tanki tun daga Bauchi. Ka riƙe kuɗi a hannu, domin sabis ɗin waya a ciki ba abin dogaro ba ne. Kuma ka kira su tun kafin ka taso, ka tabbatar da ɗaki da farashinsa daga bakinsu.

Abu biyu a cikin masaukin. Na farko birai, gwaggon birin nan. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. In yaro ya riƙe leda a hannu, ko da takalmi ne a ciki, biri zai zo ya fizge, domin shi leda abinci ce a wurinsa. Ku rufe gilashin mota, ku kulle ƙofar ɗaki, abinci a ci shi a ciki. In ya ƙwace abu a bar masa, kada yaro ya bi shi, haƙoransa ba na wasa ba ne. Na biyu ƙudan tsando, in kun fita zagayen daji. Cizonsa da zafi, kuma baƙin kaya da shuɗi mai duhu suke jawo shi. A sa wa yara kaya masu haske, masu dogon hannu. Gidan sauro da maganin shafawa kuwa ba sai na faɗa ba, lokacin zazzaɓi ne.

In hanya ta ba da dama ka ce a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna ciki. Ka gaya wa yaran cewa tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Su san cewa abin nasu ne.

Kwana ɗaya a Wikki ya isa. Washegari ku fito da hantsi, ku dawo titin Gombe, ku nufo mu ta Alkaleri. Kada ka yi gudu. Hanyar nan a wannan lokaci ita kanta abin kallo ce: gero ya fitar da kai, dawa ta miƙe, duwatsun da ka saba gani jajur da rani duk sun yi kore shar. Ka tsaya a ƙananan garuruwan bakin hanya, ka sai gasasshiyar masara sabuwa, da dafaffiyar gyaɗa, da gurjiya, da nono wurin 'yan matan Fulani. Ka fito da yaran daga mota su gaisa da mutane, su ji ana Fulatanci, su tambayi mai masara daga gonar wa aka karyo. Kuma don Allah kada ka tsananta ciniki da mai tallar gyaɗar naira kaɗan. A Gombe kuwa ba maganar otal, gidana za ku sauka, Goggonka ta riga ta ji labari.

Rana ta uku Daɗin Kowa. Daga cikin Gombe kilomita 37 ne ko kusa da haka, a kan hanyar Biu, cikin Yamaltu Deba. Kogin Gongolan nan da kuka haye a Dindima shi ne aka tare a nan tun shekarun 1980, kuma ruwan famfon da za ku sha a gidana daga can yake zuwa, har wutar lantarki megawat 40 aka shirya madatsar ta bayar. Ka ga darasi ke nan da yaro zai gani da idonsa: ga kogin da kuka haye, ga inda ya taru, ga shi a kofi. A ƙarshen damina tafkin yake cika maƙil, ka tsaya a baki ka rasa ganin ɗaya gaɓar. Ku je da safe lokacin da masunta suke fitowa. Za ka ga an jawo kwalekwale kan tudu, ana zazzage tarwaɗa da karfasa cikin daro suna ta mutsu-mutsu, mata masu suya sun hura wuta. Ka sai ɗanye mu dafa a gida, ka sai soyayye da yaji yara su ci a wurin. Jikin madatsar kanta wurin gwamnati ne, akwai masu gadi, ka nemi izini kafin ka matsa ko ka ɗauki hoto.

Amma a nan zan ɗaure fuska. Ba wanka a Daɗin Kowa. Wikki daban, dam daban. Ruwan da yake kwance irin wannan akwai dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, yaro ya yi wasa a ciki bayan makonni ka ga yana fitsarin jini. Ga zurfi, ga laka a baki, kuma in ruwa ya yi yawa akan buɗe ƙofofin madatsa, ƙasan kogi ya taso ba zato. In maman yara ta ce tana son shiga kwalekwale, sai in akwai rigar kariya ta ruwa ga kowa da kowa, kuma ba a cika shi da mutane ba, kuma ba hadari a gabas. In ɗaya ya rasa cikin ukun nan, ku yi kallo daga tudu.

Rana ta huɗu, ni in ka bi ta tawa, Tula za ka zaɓa ka bar Balanga. Ka riga ka ga babban ruwa, kuma ta Talasse za ka bi, zai cinye maka yinin. Ka kama hanyar Yola, ka wuce Kumo, ka wuce Billiri ƙasar Tangale, ka iso Kaltungo, daga nan ka hau. Hawa ne mai lanƙwasa, saboda haka birki da taya su zama lafiya lau, a duba safaya da jak da abin share gilashi tun a Bauchi. In kun kai sama za ka ji iskar ta sauya, ka waiwaya ka ga ƙasa shimfiɗe a ƙarƙashinka, gonaki a jikin dutse hawa-hawa. Turawan mulkin mallaka sun yi zama a can, har da tsohon gidan yarin da suka bari. Mutanen Tula suna da harshensu da sarautarsu, akwai Kirista akwai Musulmi, kuma masu karɓar baƙo ne. Ka fara gaida manya, ka nemi a haɗa ka da saurayi ɗan gari da zai yi muku jagora a hanyar ƙafa, ka kuma sallame shi da kyau. Kada ku bi ta cikin gonar mutum, amfani bai shigo gida ba tukuna.

Sai maganar maciji, kuma ba don in tsorata ku ba. Ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, yankin nan akwai kububuwa da yawa, kuma lokacin aikin gona da girbi aka fi samun sara. Kowa ya sa takalmi sau-ciki, ba silifas ba. A bi sawun da aka riga aka taka. Yaro kada ya cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, ba tsaga wurin, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. A kwantar da mutum, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a sa shi a mota sai Kaltungo.

Tafiyar dare kuma na hana. Duk inda za ku, la'asar ta same ku kun kama hanyar masauki. Ruwan ƙarshen damina da iska yake zuwa, in ya tsuge ka samu gari ka tsaya. In ka tarar ruwa ya haye kwalbati yana gudu, kada ka gwada, ko da ka ga babbar mota ta wuce. Batun tsaro ma, musamman ɓangaren Alkaleri, ka shiga tasha kwana ɗaya kafin tafiya ka tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum, su ne suke da labarin yau.

In kun sauko daga Tula kada ka ce za ka zarce Bauchi a ranar, ku sake kwana a wurina ku tashi da safe. Ka turo mini ranar da ka tsayar da kuma yawan yaran da za su zo, har da na ƙanwarka in za ta bari, don Goggonka ta san shimfiɗar da za ta yi. Daɗin Kowa kuwa tare za mu je, ka bar mini kujerar gaba. A gaida maman yara. Allah ya kawo ku lafiya. Wassalamu alaikum.