Ana ciniki kullum amma bashi ya ƙi ƙarewa, ina kuɗin suke shiga?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi a Tudun Wadan Zariya ya turo min saƙo, ya ce farkon shekarar da ta wuce ya ƙudura zai tara naira dubu 500 ya kuma fita daga bashi, sai ga shi an shiga sabuwar shekara abin da ke cikin Opay ɗinsa dubu 35 ne kacal. Dilan da yake saro kaya a wurinsa na binsa dubu 420, surukinsa na binsa dubu 150, ga wata dubu 60 da ya ciwo a manhajar bashi ta waya. Ya ce yana cinikin wajen dubu 80 a rana, yana zubin adashi dubu 3 kullum, cefanen gida kuma dubu 5. Tambayarsa ita ce ta ina zai fara, kuma ya zai gane ko gaba yake yi ko baya.

Toh ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne, bashi hanji ne yana cikin kowa. Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Dubu 80 ɗin nan da kake faɗa ciniki ne, ba kuɗinka ba ne, mafi yawansu kuɗin kaya ne da za su koma wurin dila. Ba ka faɗa min ribarka ba, ina kuma zargin kai ma ba ka taɓa zama ka fitar da ita ba. Mu ƙaddara a duk naira 100 kana samun 10, wanda a kayan masarufi ma ai an yi maka adalci don sukari da taliya da man gyaɗa ribarsu siririya ce, kenan dubu 8 kake samu a rana. Cire 5 na cefane, cire 3 na adashi. Shikenan ta ƙare. Toh hayar shago fa, kuɗin makarantar yara fa, man janareta, kati da data, gudummawar biki da suna, maganin zazzaɓi, madara da sabulun da ake aiko yaro ya ɗauka daga shago a kai cikin gida ba a rubuta ba, duk waɗannan daga ina suke fita? Daga uwar kuɗi. Jarinka kake ci a hankali, dila kuma yana cike maka gurbin da kayan bashi, shi ya sa shago yake a cike kana ganin kamar lafiya lau alhali rabin abin da ke kan kanta ba naka ba ne.

Saboda haka abu na farko ba tsara kasafi ba ne, ƙirga ne. Ka zaɓi rana ɗaya cikin satin nan, bayan isha'i ka ja ƙofar shago, ka sami littafi mai kauri sabo, ba bayan kwalin biskit ba don Allah. Ka ƙirga duk kayan da ke shagon a farashin da ka saro su, ba farashin da za ka sayar ba. Ka haɗa da tsabar kuɗin da ke akwati da wanda ke asusu. Sai bashin da kake bin mutane, shi kuma ka raba shi biyu tsakaninka da Allah, mai rai da matacce, don wanda ya karɓi kaya tun azumin bara kuma yanzu ya canza hanya in zai je masallaci, wannan kada ka sa shi cikin dukiyarka, in ya kawo wata rana ka ɗauka tsintuwa ce. In ka tara duka sai ka cire dubu 630 da ake binka. Abin da ya rage shi ne kai. Ko da ya fito ɗan kaɗan, ko ma ya fito ƙasa da sifili, ka rubuta shi da kwanan wata, ka sake yin irin wannan ƙirgar a ƙarshen kowane wata. Wannan adadin ne zai gaya maka gaba kake ko baya, ba yawan alat da ke shigowa waya ba.

Akwai wani abu da yake yaudarar 'yan kasuwa sosai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wato ganin naira ta ƙaru a lissafi sai mutum ya ɗauka ya ci riba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana wanda ya shiga waccan shekarar da jarin miliyan 1 ya fita da miliyan 1 da dubu 200 yana murna, baya ya ci, don sai ya kai kusan miliyan 1 da dubu 350 kafin ya iya sayen abin da yake saye a da. Don haka a gefen adadin nairar ka riƙa rubuta buhun sukari nawa ko katan ɗin taliya nawa kuɗin nan za su saro a ranar. Buhu ba ya ƙarya.

Yanzu maganar bashin. Na wayar nan shi za ka fara kashewa duk da shi ne ƙarami, don shi ne mai ruwa, kullum ƙaruwa yake, ga tarar jinkiri, ga wasunsu da halin kiran mutanen da ke cikin wayarka suna zubar maka da mutunci, ban da maganar riba da ka san matsayinta a addini. In ka biya ka goge manhajar gaba ɗaya, don da ka gama za su fara turo maka saƙon wai an ƙara maka adadin da za ka iya ci.

Dila kuma ka taka da ƙafarka ka same shi, kada ka jira ya aiko. Ka ce masa Alhaji ga abin da kake bina, ina so mu daskarar da tsohon bashin nan a gefe in riƙa rage shi duk sati, sabon kaya kuma in ɗauka da kuɗi hannu ko in kawo balas kafin in sake ɗauka. Yawancinsu sun fi son haka a kan shiru, domin abin da ke ɓata tsakanin mai shago da dila shi ne cakuɗa tsoho da sabo har a rasa na yaushe ake biya. Duk abin da ka ba shi a rubuta a littafinsa da naka, in tiransifa ce ka ajiye rasit. Kuma wannan rubutun ba rashin yarda ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Surukinka shi ne zai zo ƙarshe tunda ba ruwa a nasa, amma fa kada ka yi masa shiru don ka ga yana jin nauyinka, ka je ka faɗa masa watan da za ka fara, ko dubu 10 ce ka riƙa miƙa masa, bashin suruki in ya daɗe a cikin gida ake jin zafinsa.

Adashin fa? Ni ba na kushe adashi, ya tayar da mutane da yawa, amma mai bashi dubu 630 da ke zubin dubu 90 a wata ba tari yake ba, kuɗin dila yake kaiwa ajiya wurin uwar adashi. Kada ka fita a tsakiya ka ɓata amana, ka ƙarasa wannan zagayen, in ka kwasa ka kashe na waya sauran ka kai wa dila, sabon zagaye kuma ka ba su haƙuri. Daga nan dubu 3 ɗin ka raba ta, dubu 2 kullum ta bashi, dubu 60 kenan a wata, ko ba a sa kwasar adashin a lissafi ba cikin wata 11 ka gama, in an sa kuwa tun kafin nan. Dubu 1 kuma ta tafi wani asusu daban wanda ba ka yawo da katinsa, saboda manyan hidimomin da ka san suna tafe. Ai ba ba-zata suke zuwa ba, kuɗin makaranta na Janairu da na bayan hutun Afrilu da na Satumba, kayan azumi, ɗinkin sallah, ragon layya, haya. Ka rubuta kowanne da watansa a shafin farko, ka kuma tuna azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, kada ka yi lissafi da ranar bara. Dubu 30 a wata ba lallai ta ɗauke su duka ba, a nan ne za ka ga da idonka abin da za a rage, wataƙila bana ɗinki kala ɗaya ne ba biyu ba.

Gida kuma ka yanka wa kanka albashi kamar yaron shago. Dubu 35 a sati ka damƙa wa uwargida ranar Juma'a, kuma ka nuna mata littafin ta san halin da ake ciki, na sha ganin mata sun fi mazan iya matse cefane in an sa su a cikin maganar. Duk abin da za a ɗauka daga shago a saya da kuɗin cefanen nan kamar kowane kwastoma, har biskit ɗin da autanka ke miƙa hannu ya ɗauka.

Burin dubu 500 kuwa ka ajiye shi bana, ba shekararsa ba ce. Dubu 35 ɗin Opay kada ka biya bashi da ita, ka bar ta ta asibiti, don irin wannan lalurar ta tsakar dare ce ke kai mutum manhajar bashi tun farko. In ka yi ƙirgar ka turo min adadi uku, kuɗin kayan da ke shago, bashi mai rai da kake bi, da ainihin ribar da ka samu a sati ɗaya, don in ta fito ƙasa da 10 cikin 100 ɗin da na ƙaddara toh dubu 2 ɗin nan ta bashi ma sai mun sake duba ta.