Fitilun solana na waje suna mutuwa tsakar dare, ina matsalar take?

Tambaya: Salam malam, na sa fitilun sola guda 4 a tsakar gida da bakin get, kowacce wat 10, amma kafin ƙarfe 1 na dare duk sun mutu. Wani ya ce in ƙara da ƙaramar fankar nan mai samar da wuta daga iska. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka ajiye maganar fankar tukuna, mu fara yin lissafi, don yawanci a nan ake tafka kuskure. Fitila 4 masu wat 10 wat 40 ke nan, in za su kwana suna ci awa 10 sai sun sha wat-awa 400. To batirinka yana da wannan? In mai bolt 12 ne kana buƙatar kamar 33Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), amma fa batirin dalma ba a son ya sauka ƙasa da rabi, in kana tsotse shi tas kullum ba zai yi nisan kwana ba, shi ya sa sai ka ninka, 70Ah zuwa 100Ah. Na litiyam irin LiFePO4 shi yana jure a sha kashi 80 cikin 100 ba wata damuwa.

Sai fanel. Mutane suna ganin rana ta wuni sai su ɗauka caji ake ta yi, alhali ranar da ke caji sosai a wurare da yawa awa 4 zuwa 5 ce kawai, ga asarar wuta a waya da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, don haka ka nemi kamar wat 150. Ka hau ka duba shi da tsakar rana, inuwar reshe ɗaya ko tankin ruwa ta isa ta karya cajin, haka ƙura da kashin tsuntsu, tsumma mai laima ya wadatar.

Ita fankar gaskiya ban cika ba da shawararta a cikin gidaje ba, gine-gine da bishiyoyi suna wargaza iska, kuma in gudun iska ya ragu da rabi wutar da za ta bayar kashi 1 cikin 8 ce. Sai dai in fili ne fetal ga dogon turke.

In kuma fitilun irin masu fanel da batir a jikinsu ne, kar ka yarda da wat ɗin kan kwali, ka duba girman batirin, sannan ka maida su kan sensa, su riƙa haske kaɗan sai mutum ya gifta su ƙaro. Wannan kaɗai yakan kai su asuba.