Fuska da Ido a Zaman Hira: Amsar Tambayoyinku

Malam, "labarin zuciya a tambayi fuska" na nufin fuska ba ta ƙarya?

A'a, 'yar'uwa. Cewa aka yi a tambaya, ba a ce duk amsar da ta bayar gaskiya ce ba. Jan hankali ne ga mai magana. Kuna zaune ku uku ko huɗu, wannan ya ɗaure fuska, wancan ya taɓe baki, ɗayan ya kawar da kai, to an riga an gaya maka ka taƙaita. Wanda ya ci gaba da zuba shi ne wanda ba ya gane hannunka mai sanda.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu koyar da dabarun magana ke jingina karin maganar nan da wani lissafi, wai kalmomi kashi 7 cikin 100 kawai suke ɗauka na saƙo, murya 38, fuska 55. Daga gwaje-gwajen masanin halayyar ɗan'adam Albert Mehrabian na 1967 a Amurka lissafin ya fito, inda aka saurari kalma ɗai-ɗai don a gane ko mai furta ta yana so ne ko yana ƙi. Shi kansa ya ja kunne cewa ba kowace magana abin ya shafa ba. Da lissafin ya shafi kowace magana, ai da wasiƙa ba ta taɓa isar da saƙo ba. Don Allah a daina ɗora wa karin maganar wannan kaya.

Zunɗe da nuni ɗaya ne?

Nuni da yatsa ake yi, zunɗe da leɓe, kuma yawanci a bayan idon mutum.

Idan na ce "haka ne" wani yana magana, katsalandan na yi?

Ba ka yi ba, ɗan'uwa. Wannan amsawa ce, ita da gyaɗa kai, kuma su ke ƙarfafa wa mai magana gwiwa. Katsalandan shi ne ka faɗo cikin zancen da ba a kasa da kai ba. Ka riƙa lura da ido. Wani mai bincike, Adam Kendon, ya nuna tun 1967 cewa mai magana yakan kau da ido in ya fara, in zai kammala kuma ya dubi wanda zai miƙa wa. Wanda bai jira wannan kallon ba yakan tari numfashin mutane.

Harara da kallon hadarin kaji fa?

Matasa na cakuɗa su, ba daidai ba ne. Harara na iya zama gargaɗi daga mai ƙaunarka. Kallon hadarin kaji raini ne zalla.